Sannu da Hutawa

A shekarar Udoji, da kuɗin mai suka sa kowane ɗan boko ya sayi babur, yayana Badaru ya dawo Kangire da akwatin ƙarfe da takardar sakandare wadda ba ta ci ba. Wata bakwai ya yi a Kano yana bin ofis-ofis, ana ce masa ya dawo gobe. Da goben ta ishe shi, sai ya dawo gida.

Ga shi ya manta riƙon fartanya, ga boko ya tsaya masa a wuya. Kullum yana zaune a dakalin ƙofar gida, duk wanda ya wuce zuwa gona sai ya ɗaga hannu ya ce, "Sannu da hutawa, Malam Badaru!" Ba da mugunta suke faɗa ba, haka ake gaida wanda aka tarar a zaune. Da farko yana amsawa. Daga baya ya koma ɗaga kai kawai, sannan ya shige ɗaki ya daina magana, tuwo ma sai ya bushe a kwano. Ni Kubra ina kai masa ina kwashewa, ina kuka.

Mutanen gari, da ba sa rasa ta cewa, suka ce aljanun birni ne. Babanmu Mika'ilu ya yanke shawarar ranar Asabar zai kai shi wajen wani mai magani a Maruta, wanda kowa ya san da mari yake fara aiki.

Gwaggo Turai, yayar Baba, ita kaɗai ta ƙi. Tsohuwa ce 'yar firit, ko alif ba ta sani ba, amma ban taɓa ganin mai karanta mutum kamarta ba.

"Mika'ilu," ta ce, "yaron nan ba aljani ke cinsa ba. Gaisuwa ce. Kullum sai an tuna masa sau hamsin cewa ba shi da amfani. Ba ni kwana uku."

Washegari da safe muka ji salatinta. Zanan da ya kewaye bayan gidanta ya faɗi ƙasa warwas. Ta zo har ƙofar ɗakin Badaru, ba lallashi ba nasiha.

"Kai Badaru, ina da ɗa kamarka a ce bayan gidana yana kallon hanya? Maza duk sun tafi gona. Ga gamba can na jiƙa. Ko so kake in yi wanka a bainar jama'a?"

Ta zauna a bakin ƙofar ta ce ba ta tashi. Sai da rana ta take ya fito, ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Ta kai shi gindin tsamiya a bakin hanya, ta nuna masa yadda ake karya gamba a saƙa, ta yi tafiyarta. Saƙar farko ta fito a karkace kamar tafiyar kaguwa. Gwaggo ta duba ta ce ta ga wadda ta fi ta muni, ya ci gaba.

Da la'asar manoma suka fara dawowa. Na farko ya ɗaga hannu, ya buɗe baki, ya ga gamba a hannun Badaru.

"A'a! Sannu da aiki!"

Na ga hannun yayana ya tsaya cak. Amma bai tashi ba, ya ci gaba da saƙarsa. A ranar ya ci rabin tuwonsa.

Ba zan ce ya warke a kwana uku ba, don sai da aka yi kaka kafin mu sake jin dariyarsa. Amma ranar Asabar Baba ya fito da shirin tafiya Maruta, ya tarar da shi a gindin tsamiya yana kan zana na biyu. Baba ya daɗe a tsaye. Can ya gyara murya.

"Badaru, ina aiki?"

"Da godiya, Baba."

Muryar a dushe ta fito, wata biyu rabonmu da jin ta. Baba ya juya ya cire hularsa yana share ido da ita, ya koma cikin gida.

Da na je taya Gwaggo kwashe tsohon zanan, na ga igiyoyin da suka ɗaure shi duk a yanke suke da wuƙa, dirkokin kuma ko gara ba ta taɓa su ba. Na dube ta.

"Ke Kubra," ta ce, "kama bakinki. Akwai sauran zana uku a gidan nan, kuma duk sun kusa faɗuwa."