Safar Hannun Laure

Laure na matse shadda a bakin baho lokacin da manaja, Malam Abdussamadu, ya shigo da kwali. Shekara uku matan sashen rini na masaƙar da ke Gwadangaji suna roƙonsa safar hannu. Soda ta cinye tafin Laure, ya tsattsage, ko tuwo mai zafi ba ta iya taɓawa. Sai ga safar yau, ja, sabuwa fil, kowa guda biyu.

"Baƙuwa na tahe daga hedikwata," in ji shi. "Ita ka rubuta rahoton yadda muke kula da ku."

Laure ta juya safar, ta shinshina. Daɗi ya kama ta har ta ji ƙwalla. Abu mai kyau haka a tsoma shi cikin baƙin ruwa ranar farko? Ta naɗe ta a leda ta tura jaka, kamar yadda take yi wa atamfar sallah. Sauran matan, da ma ita suke kallo, kowa ta adana tata.

Da hantsi baƙuwar, Hajiya Nuriyya, ta iso da mai ɗaukar hoto. Ta tsaya kan Laure, ta dubi hannuwan nan cikin rini har gwiwar hannu.

"Inna, ba a ba ku safa ba?"

"An ba mu, ɗiyata, Allah shi saka." Ta zaro ledar tana murmushi. "Ga ta nan lahiya lau, ko ɗigo bai taɓa ta ba."

Hajiya ta yi rubutu. Malam Abdussamadu, da ya jiƙe da gumi, ya saki numfashi.

Da la'asar ya dawo da kwalin. Tunda ba a sa ba, in ji shi, a mayar sito, za su yi amfani baɗi.

Bayan wata biyu rahoton ya fito, mai sheƙi. Hanifa, jikar Laure, ta karanta mata: kamfani ya wadata ma'aikata da kayan kariya, amma sun ƙi sawa saboda ƙarancin wayewa. Don haka an shirya musu bita ta kwana biyu a Argungu.

Laure ta je. An nuna musu yadda ake zura yatsu, a allo. Ta so ta tafa da aka gama, hannun bai bari ba.