Sirdin Ungozoma

"Baba, to ni da Inna a ina za mu zauna?"

Lurwanu yana durƙushe yana goge tankin motonsa, wato babur, da tsumma lokacin da Raihana ta jefo tambayar, kuma a gaban abokinsa Mai Nasara, wanda ya biyo ganin aiki kafin ya wuce kasuwa. Mai Nasara ya yi dariya har da dafa katanga.

"Ka ji ko? 'Yar shekara biyar ta gano abin da na kasa gaya maka."

"Wannan ba na zama ba ne, uwata," in ji Lurwanu, bai ɗago ba. "Na gudu ne."

"To in ka gudu, wa zai kai mu?"

Balkisu, matar Lurwanu, tana bakin madafa tana tankaɗe, cikinta na wata bakwai ya tokare mata gwiwa. Ta ji komai. Abin da take zaune a kai shi ne amsar tambayar 'yarta: tsohon sirdin moton, dogo, baƙi, an ɗinke shi da zaren buhu a wuri biyu. Ranar da aka cire shi ta tsince shi a bayan ɗaki kaji suna tonon sosonsa, ta kakkaɓe ta mai da shi kujerar girki.

Moton na mahaifin Lurwanu ne, marigayi. Ya girmi Lurwanu, ya girmi rabin gidajen ƙauyen. A wannan ƙauye da ke cikin rairayi arewa da Maijirgi, Ungozoma ake ce masa, domin babu mai iya ƙirga matan da ya kai likita suna naƙuda, mai tuƙi a gaba, mai ciki a tsakiya, wata tsohuwa a baya tana riƙe da ita. Ita kanta Balkisu a kansa aka kai ta haihuwar Raihana.

Sai Lurwanu ya ga wasu hotuna a salula, wato wayar hannu. Tsofaffin motoci ne da mutanen wata ƙasa suke fere wa jiki, su cire duk abin da ke da nauyi, su sauke ƙahonin tuƙi ƙasa, su bar wurin zaman mutum ɗaya da ɗan tozo a bayansa. Tun bazara yake kan aikin. Ya cire marfin tayoyi, ya cire ƙarfen ɗaura kaya da matakan ƙafa na baya. Ya gajarta bututun hayaƙi, har in ya tayar da injin awakin maƙwabta sai sun tsinke igiya. Ya yi wa tanki fenti ja. Ranar da ya yanke ƙarfen baya, wanda sirdin ke zama a kai, Balkisu tana jin kukan zarto daga madafa. Tuwo yana kan wuta, kuma ba a saba mace ta tsaya wa namiji a kan aikinsa ba. Ta ce bari ta sauke tukunya. Kafin ta sauke an gama.

Ba mugun mutum ba ne, ta sani. Da ta yi masa magana daga baya, sai ya zauna ya ce, "Tun ina yaro nake gyaran na wasu a garejin Tasawa. Kowa ya kawo ruɓaɓɓe, in tashe shi, ya hau ya tafi. Ina so in yi abu ɗaya da in an gani za a ce na Lurwanu ne." Da ta ga idonsa, sai ta bar maganar.

"Me ka ce sunansa ma?" Iya Zara'u, mahaifiyarsa, ta tambaya daga inuwar rumbu inda take ɓarar gyaɗa.

"Kafe resa, Iya."

"Kafewa kam ka kafe. Reza kuwa yanka take yi. Ubanka dai Ungozoma ya bar mana."

Mai Nasara ya sake dariya, ya hau nasa moton da aka ɗaure wa buhun wake da akuya, ya tafi. Sauran masu moto na ƙauyen duk sun riga shi, don ranar kasuwa ce. Lurwanu ya ce shi sai la'asar, in kasuwa ta cika, sannan zai shiga da nasa a gani.

Balkisu ta jawo yarinyar ta taɓa goshinta. Tun jiya jikin da ɗumi. Damina ta yi nisa, gero ya fi mutum tsawo, sauro ya yi yawa.

"Malam, da an kai ta likita yau."

"Ba kin ba ta ƙwaya ba? Dube ta, har tsiya take yi mini. Gobe in ari na Mai Nasara in kai ku."

Gaskiya ne yarinyar tana wasa. Ta hau ƙarshen tsohon sirdin tana yin kukan moto da baki, tana cewa Inna ta riƙe ta da kyau za su shiga kwana. Balkisu ta ce to, Allah ya kai mu goben.

Bayan azahar Raihana ta ƙi cin abinci, ta kwanta a tabarma. Balkisu ta jiƙa zane ta lulluɓa mata, ta juya ta ɗauko ruwa. Da ta waiwayo sai ta ga ƙafafun yarinyar sun miƙe sun sandare, hannuwan suna karkarwa, idanun sun kafe sama, kumfa tana fita ta gefen baki.

Ba ta yi kururuwa ba. Ta juyar da ita gefe kamar yadda aka koya musu wurin awo, ta share mata baki da gefen zane, ta kira, "Malam. Iya. Ku zo."

Jijjigar ta lafa, ta dawo. Iya Zara'u tana tofa addu'a, Lurwanu ya riga ya tura moton waje ya tayar. Balkisu ta fito da yarinyar a hannu ta tsaya a gefensa, sai a lokacin su biyun suka dubi bayan moton tare. Ɗan tozon ƙarfe ne mai santsi, faɗinsa bai kai tafin hannu biyu ba. Bayansa taya ce tsirara. Babu inda za a sa ƙafa sai kan bututun hayaƙi mai zafi.

"Ɗauko sirdin, mu ɗaura," in ji shi.

"A kan me?"

Ya kai hannu inda ƙarfen yake a da, ya taɓa iska.

"Ki hau tanki."

"Da wannan cikin? Kai kuma ka kwanta a ina?"

Iya Zara'u ta aika a kira Mumuni mai amalanke. Balkisu ta auna a ranta. Jaki cikin wannan rairayi, sai rana ta yi sanyi kafin su ga kwalta. Yarinyar tana yin nauyi a hannunta, numfashin yana fita da gurnani.

Ta dubi mijinta. Yana kan moton, ƙahonin tuƙin sun ja shi gaba, ƙirjinsa a kan tanki, bayansa a shimfiɗe. Kullum in ta ga wannan zama sai ta ce kamar mai neman allura a ƙasa. Yau ta ga wani abu dabam. Haka mace take sunkuyawa in za a ɗora mata goyo.

"Tsaya haka, kada ka miƙe."

Ta kwantar da yarinyar a bayansa, ta juya mata fuska gefe. Ta kwance zanenta na sama ta yafa wa yarinyar, ta zagayo da shi ƙarƙashin hammatarsa ta ɗaure a ƙirji. Ta karɓi majanyi daga hannun Iya ta ƙara a ƙugu, ta ja har ya yi nishi.

"Namiji da goyo," in ji Iya Zara'u a hankali, ba da sigar hani ba.

"In ka ji ta motsa da ƙarfi, ka tsaya ka duba bakinta," in ji Balkisu. "Kana jina? Ka tsaya ka duba."

"Na ji."

Raihana 'yar fari ce, don haka Balkisu ba ta taɓa kiran sunanta ba. Ke take ce mata, ko yarinya. Ta sunkuya ta sa baki a kunnenta, a gaban surukarta, ta ce, "Raihana, riƙe Babanki. Ina bayanku."

Moton ya yi ƙara ya shige tsakanin gero. An daɗe ana jin kukansa bayan an daina ganinsa.

Iya Zara'u ce ta ɗauko tsohon sirdin ta jefa cikin amalanken, don kada katako ya bubbuga mai ciki. Balkisu ta zauna a kai. Mumuni dattijo ne marar yawan magana, ya yi ta zungurar jakin, jakin kuwa ya yi abin da jaki zai iya. A kan hanya Balkisu tana bin sawun taya ɗaya a cikin rairayi da ido. Tana neman inda sawun ya tsaya, inda ƙafar mutum ta sauka. Ta ga inda ya karkace a wani kwari, ta ga inda ya tsallake ruwa. Ba ta ga inda ya tsaya ba. Ta gaya wa kanta alheri ne, yarinyar ba ta motsa da ƙarfi ba ke nan.

"Ya yi gudu kam," in ji Mumuni. "Ban taɓa ganin irinsa ba."

Rana ta sauko lokacin da suka shiga Maijirgi. A ƙofar likita moton yana jingine, samari sun kewaye shi, wani yana ɗaukar hoto da salula, wani ya hau ya kwanta a kan tanki abokansa suna yi masa kirari. Ɗaya yana cewa shi ya ga shigowarsa, kamar harsashi.

Lurwanu yana zaune a dakalin baranda. Majanyin yana ɗaure a ƙugunsa har yanzu, babu kowa a ciki. Bayan rigarsa ya jiƙe da abin da ba gumi ba. Da ta ga haka ta rage sauri, don ta san babu sauran abin yi wa sauri.

Majo, babban ma'aikacin wurin, ya fito ya tare ta. Ya yi mata magana a tsanake. Ya ce da aka kwance goyon sun yi iya ƙoƙarinsu, amma rai ya riga ya fita kafin a iso. Ya ce irin wannan zazzaɓi yana da saurin kisa, ko a hannun wa yaro yake. Ya ce ta yi haƙuri.

Ta shiga ta ga 'yarta a kan gado, an rufe ta da zanen goyon. Ta gyara mata kitso ɗaya da ya kwance. Sannan ta fito ta zauna kusa da mijinta, ba ta dube shi ba.

"A ina ta cika?" in ji ta.

"Ban sani ba."

"Kafin kwalta ko bayan kwalta?"

"Balkisu, ban sani ba."

"Ta kira ni?"

"Ban ji ba. Ƙarar ta yi yawa. Ni ina ta yi mata magana har muka iso. Ina ce mata ga shi mun kusa." Ya sa fuska cikin tafukansa. "Da ɗuminta na sauke ta."

Balkisu ta san abin da Majo ya faɗa gaskiya ne, wataƙila ko tana nan ba za ta hana komai ba. Amma da tana baya, da hannunta yana kan ƙirjin yarinyar. Da ta san wurin. Da duk ranar da ta bi hanyar nan za ta iya cewa, a gindin wancan gawon ne, ko a bakin wancan kwarin. Yanzu hanyar gaba ɗaya ce, daga ƙofar gida har ƙofar likita.

Suka naɗe yarinyar. Balkisu ta hau amalanken ta karɓe ta a cinya. Lurwanu ya tsaya tsakanin moton da amalanken, makulli a hannu. Wani saurayi ya matso yana tambaya ko shi ne ya ƙera, wani ya ja shi baya ya raɗa masa magana. Lurwanu ya tura moton cikin rumfar mai gadi, ya dawo ya hau gefen matarsa. Amalanken ta ɗauke su su uku, har da sauran wuri.

A bakin kwalta akwai rumfar mai walda, yana tattara kayansa zai rufe. Balkisu ta ce wa Mumuni ya tsaya. Ta miƙa wa mijinta yarinyar, ta ɗaga jikinta da ƙyar, ta zaro sirdin daga ƙarƙashinta ta miƙa ƙasa.

"Sannu da aiki. Ajiye mini wannan. Akwai jan moto a likita, za a kawo maka. Ka mayar masa da ƙarfen baya, da wurin sa ƙafa."

Mai waldan ya dubi sirdin, ya dubi Lurwanu, ya dubi abin da ke hannunsa, ya cire hula.

"Jan nan da ake ta magana? Hajiya, ai zai ɓata shi."

"Saura wata biyu in haihu," in ji ta.

Lurwanu ya ciro makullin ya miƙa wa mai waldan.

Ta zauna a kan katako tsirara, ta karɓi 'yarta, jakin ya juya ya shiga rairayi. Na cikin ya motsa, ya sake motsawa, ta dafa shi da hannu ɗaya.

Ke da kike karanta wannan, in wata rana kina madafa kika ji kukan zarto a bayan ɗaki, kada ki ce sai kin sauke tukunya. Bar tuwon ya ƙone. Fita ki ga abin da ake yankewa.