Alawar Madarar Shafa'atu

Tun da mahaifiyarsu ta rasu, Ramatu ce ke ciyar da mahaifinsu Malam Salihu. Katanga ɗaya ce ta raba gidan mijinta da na tsohon a cikin garin Aliero, don haka kunun safe da tuwon rana da na dare duk daga tukunyarta suke fitowa. Ta san haƙoransa sun ƙare sai 'yan uku na gefe, ta san taushin tuwon da zai iya haɗiya, ta san ba ya son miyar kuka in ta cika kauri. Shekara shida ke nan tana wannan hidima. In ta ajiye masa kwano, yakan ce "Madalla" idonsa na kan littafi, shi ke nan.

Ƙanwarta Shafa'atu a Jega take aure. Sai bayan mako biyu take zuwa, ranar Juma'a, da mayafi mai ƙamshi da wata 'yar roba mai jan murfi. A cikin robar akwai alawar madara, fara sol, an yanka ta ƙanana. Da tsohon ya hango ta sai ya rufe littafi.

"Ɗiyar albarka! Kin zo da ita?"

"Na zo da ita, Baba."

Ya jefa ɗaya a baki ya lumshe ido. "Wagga alawa taki ko jinjiri ya samu sai ya shanye. Ba ruwanta da haƙori." Daga nan ya ɗaga murya ya kira maƙwabcinsa Malam Tamu, ya miƙa masa guda biyu, yana cewa ya ɗanɗana ya ji hannun autarsa.

Ramatu tana tsakar gida tana wanke kwanonin da ya ci abinci, tana jin komai. Kullum haka take ci gaba da wankinta. Sai dai ranar nan ta dirje wani kwanon samira har fentinsa ya ɗaye.

Ran Asabar, da mijinta Abdulƙadir ya tafi gonar albasa, ta sayo madarar gari da sukari. Ta haɗa su duka da ruwa a tukunya ta ɗora a wuta, a ranta tana cewa abin da Shafa'atu ta iya ai ba zai gagare ta ba. Kafin ta ankara ƙasan ya kama, ƙauri ya cika gida. Ta sake gwadawa ran Litinin. Wannan karon ba ta ƙone ba, amma da ta huce sai ta daskare kamar dutse, wuƙa ma ta ƙi shiga. Abdulƙadir ya same ta zaune ta tasa farantin a gaba.

"To, mi ya hana ki tambayi ƙanwarki? Ga waya nan a hannunki."

"In tambayi Shafa'atu? Yarinyar da na goya?"

Ya dube ta, ya ga ba wasa a fuskarta, ya ɗauki butarsa ya fita.

Ana haka aka aiko da goron suna daga Maiyama, garin su Gwaggo Laraba, ƙanwar Malam Salihu, wadda ta yi shekaru tana yi wa amare kayan gara. Ramatu ba mai son yawon biki ba ce, amma ita ta fara shiga mota. Ta yi barka a tsaitsaye, ta zarce ɗakin gwaggonta. Bayan gaisuwa ta yi ta kewaye-kewaye, kafin ta ce tana son a nuna mata alawar madara.

"Don wa za ki yi?" in ji Gwaggo Laraba.

"Don yara."

"Yara ko?" Tsohuwar ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. "Ƙanwarki ma nan ta zo bara, ita ma don yara. Tashi ki hura gawayi."

Abin ya ba Ramatu mamaki don sauƙi. Sukari ne kawai da ɗan ruwa a tukunya, babu madara tukuna. Suka bar shi ya yi ta tafasa. Gwaggo ta ɗebo kaɗan a cokali ta ɗiga cikin kofin ruwan sanyi, ta sa yatsa ta murza, ya dunƙule da taushi.

"Kin gani? In ya watse cikin ruwa, da saura. In ya yi ƙarau, kin wuce wuri, dutse za ki samu. Nan ne daidai. Sauke."

Sai da tukunya ta bar wuta aka zuba madarar, Ramatu tana juyawa da muciya da sauri har kafaɗarta ta yi tsami. Suka shafa mai a faranti, suka juye, suka murje da kwalba ya yi sumul, suka yanka tun da ɗumi. Duka-duka bai kai lokacin da take ɗauka ta tuƙa tuwo ba. Wannan ne ma ya fi ƙona mata rai a mota tana komawa gida: ashe abin da ake yi wa kirari ke nan, aikin da bai kai tuƙin tuwo ɗaya ba.

Ta jira sai ran Alhamis, jajibirin zuwan Shafa'atu. Alawar ta yi kyau. Ta jera ta a farantin tangaran na kayan aurenta, ta kai wa mahaifinta bayan la'asar.

"A'a! Shafa'atu ta aiko?"

"Ni na yi, Baba."

"Ke?" Ya ɗauki ɗaya ya tsotsa, ya ƙara ta biyu, ya ƙara ta uku. Ramatu ta durƙusa tana jira, kunnenta na wajen ƙofa ko zai kira Malam Tamu. "Ashe ke ma kin iya. Madalla." Ya lashe yatsa. "Yau miyar mi za a yi?"

"Kuɓewa," ta ce, ta tashi.

Washegari Shafa'atu ta iso da robarta, ta durƙusa ta gaishe shi ta buɗe murfi. Malam Salihu ya leƙa, ya shafa ciki.

"Aje ta can tukun, ɗiyata. Ta yayarki ba ta ƙare ba, tun jiya nike sha."

Ya janyo farantin tangaran daga bayan buzu. Shafa'atu ta dubi farantin, ta dubi yayarta, murmushin da ta shigo da shi ya tafi. Ramatu tana bakin ƙofa da tsintsiya, sai ta ji wani sanyi ya ratsa ƙirjinta, irin wanda ta daɗe ba ta ji ba. Ta san ba abin kirki ba ne, amma ta bar shi ya ratsa ta.

Shafa'atu ta bi ta har madafa.

"Yaya, mi na yi miki?"

"Mi kika gani?"

"Kullum kina tare da shi. Ke ya ka gani da safe, ke ya ka gani da dare. In bai da lahiya ke ka sani, ni sai a waya ni ka ji. Abu guda ɗai na samu da ni ka kawo mai, shi ma sai kin karɓe?"

Ramatu ta ajiye tsintsiya. "Shekara shida ina tuƙa mai tuwo, Shafa'atu. Kin taɓa jin ya kira wani ya ce zo ka ɗanɗana hannun Ramatu?"

 Tukunyar miya tana ta ɓararraka a tsakaninsu. Can Shafa'atu ta ja kujera ta zauna, ta ɗauki albasa ta fara yankawa ba tare da an sa ta ba, tana share ido da bakin mayafi. Ramatu ta miƙa mata wuƙar da ta fi kaifi.

Da yamma ta raka ta har bakin titi inda motocin Jega ke tsayawa, abin da ta daina yi tun bara. Shafa'atu ta shiga mota, ta miƙo robar ta taga.

"Ki ba yara. Kar ta lalace."

Ramatu ta koma gida ta raba wa 'ya'yanta, ta rage guda ɗaya. Ta shiga ɗaki ta sa ta a baki. Ta narke tun kafin ta tauna, ba ƙurjin sukari ko kaɗan. Ta fi tata taushi, nesa ba kusa ba. Ta zauna bakin gado har zaƙin ya bar harshenta, sannan ta tashi ta je ta kwashe tuwon Baba. Ba ta faɗa wa kowa ba.