Jar Takarda a Kujerar Tokuji

Mijina Tokuji ya rasu ranar Talata, amma babban kamfanin motoci ba ruwansa da mutuwa. Kullum da hantsi motarsu ke zuwa ɗaukar ƙusoshin ƙofar mota da muke bugawa, kuma ba sa ajiye na gobe. In ta koma wayam aikinsu ya tsaya, mu kuma a shafe sunanmu. Tsohon injinmu ba wanda ya iya lallashinsa sai marigayin.

Ban kira kowa ba. Washegari sai ga 'yan ƙungiyar masu kai wa kamfanin kaya cikin baƙaƙen kwat, Kanbe mai yin robar gilashin mota a gaba, wanda Tokuji ke kira ɓarawon ma'aikata. Suka kunna turare, suka rusuna, suka tuɓe kwat suka shiga shago.

Ƙungiyar na da wata al'ada. In sun shiga shagon juna, duk abin da ba ya aiki sai su manna masa jar takarda a fitar da shi. Tokuji bai taɓa barin su shigo ba. Kafin in kawo shayi shagon ya yi ja kamar shanyar barkono. Rediyo, kwalabe, har kujerarsa da ke jingine da injin.

Na ce, "Kanbe, gawar ko hucewa ba ta yi ba."

"Uwargida, kujera ba ta buga ƙusa."

"Kai tun da ka zo me ka buga, ban da wainar shinkafata?"

Suka janye kujerar, suka tada injin. Ya hau rawa yana tofo ƙusoshi a lanƙwashe. Suka ɗaure nan, suka auna can, a banza. Ni dai na san ban taɓa jin ƙarar nan ba in Tokuji na zaune, na faɗa musu. Ashe nauyinsa ne ke danne farantin da ke ƙarƙashin injin. Aka mai da kujera, aka duba wa ya fi ƙiba. Kowa ya kalli Kanbe.

Haka ya zauna a wurin maƙiyinsa, kumatunsa na kaɗawa, har mota ta tafi cike. Na cire jar takardar kujerar na manna masa a baya, aka yi ta dariya.

Da na koma bakin ƙofa na waiga, na ga ƙaton baya irin na Tokuji a kujerar nan, sai na shige kicin na daɗe ban fito ba.