Wasan Auta Bai Sauka Ba

Kwamfutar ta gaya wa Malam gaskiya tsirararta, abin da ɗalibansa ba su taɓa yi masa ba: saura kwana huɗu wasan ya gama sauka. Auta kuwa yau da la'asar zai koma jirgi.

Auta ɗansa ne na ƙarshe, yana aiki a ɗakin injin wani jirgin ruwa mai dakon kaya. In jirgin ya tashi, sai a yi wata da watanni ba a ji duriyarsa ba. Ko sun tsaya a tasha ya kira gida, hirarsa da uban ba ta wuce "Lafiya lau" da "To madalla, ga mamanka." Malam ya yi rabin rayuwarsa yana koyar da tarihi a jami'a. Yana iya cika aji da bayanin daular da ta rushe har ɗalibai su yi barci su farka, amma da ɗan cikinsa, gaisuwa na ƙarewa bakinsa ke mutuwa.

Shekaranjiya ne yaron ya kira waya da sabon abu.

"Baba, tsohuwar kwamfutata tana nan a ɗakina ko? Ku kunna ta. Akwai manhajar da ake sauke wasanni, na tura muku wani a ciki. In ya sauka mu buga tare kafin mu tashi. Ni zan koya muku."

Malam ya ce zai duba in ya samu lokaci. Yana ajiye waya ya nufi ɗakin, ya kwashe buhunan tsofaffin tufafi da aka jibge kan teburin, ya share ƙura da hannun rigarsa.

Tun ranar yake zaune gaban wani siririn layi shuɗi da ya kamata ya cika, ya ƙi. Ya kashe na'urar intanet ya kunna. Ya ɗauko ta daga falo ya ɗora kan kabad. Ya bi gidan yana kashe intanet a wayar kowa, har da ta matarsa.

"Malam, da girmanka," in ji ta daga bakin ƙofa. "Kai da ka ce wasan nan ne zai hana yaro zama mutum."

"Bincike nake yi."

"Allah ya ba da sa'a. In an gano daular a sanar da mu."

Da safe ya aika aka kira maƙwabcinsu mai shagon gyaran waya, wanda unguwa ta naɗa Injiniya ba tare da wata makaranta ta sa baki ba. Injiniya ya zo da doguwar waya a kafaɗa, ya haɗa kwamfutar da na'urar kai tsaye. Layin bai motsa ba. Ya goge tarkacen da manhajar ta tara. Ya canja ƙasar da ake janyo wasan daga cikinta, ya koma wata, ya sake komawa wata, har sai da suka zaga duniya suna zaune. Kwana huɗun ya zama biyar.

"Ka ga an samu canji," in ji Malam.

"Ranka ya daɗe, intanet ɗinku lafiyarsa ƙalau, na gwada. Daga can ne. Mutane sun yi musu yawa." Ya naɗe wayarsa, ya sha ruwan sanyi, ya tuna ya bar shago a buɗe.

Bayan azahar Auta ya kira. Ana jin ƙarar injina da ihun mutane a bayansa.

"Baba, ya sauka?"

"Yana hanya."

"Nawa ya kai?"

Malam ya matsa da tabarau ya karanta masa. Yaron ya ce masa ya shiga wurin saiti, ya danna inda aka rubuta saukewa, ya karanto masa duk abin da ya gani. Malam ya bi layi-layi da muryar aji. Can ƙasa, inda Injiniya bai gangara ba, akwai ɗan akwati da aka yi wa alama: a taƙaita saurin saukewa. A gabansa wata 'yar lamba, abin tausayi.

Auta ya yi dariya, ba mai daɗi ba, ba kuma mai ɗaci ba.

"Ashe tana nan. Ai ku kuka sa na saka, Baba. Kun ce wasana yana cinye muku intanet kuna aiki. Kuna tsaye a kaina, ina ragewa kuna cewa in ƙara ragewa."

Malam ya tuna. Har hannunsa ya tuna, a kan bayan wannan kujerar. Yaron bai taɓa cirewa ba, ko bayan da uban ya manta da zancen, ko da ya girma ya bar gidan.

"Ku cire alamar kawai."

Ya cire. Layin ya zabura kamar akuyar da aka kwance. Kwanakin suka narke suka koma awa ɗaya da 'yan kai.

"Ya taso!" in ji Malam, da ƙarfin da ya ba shi kunya. "Ka ɗan jira, yanzu-yanzu."

"An fara kiran suna, Baba. Motar da za ta kai mu ta iso."

"Ba za su ɗan..." Ya haɗiye sauran. Ya san jirgi ba aji ba ne.

"In na dawo ma buga. In ana yayinsa har lokacin."

Malam ya nemi abin faɗa. Yana da shi da yawa.

"To madalla," in ji shi. "Ga mamanka."

Wasan ya gama sauka rana tana kan katanga. A gefen allon akwai jerin abokai, suna ɗaya ne a ciki, na Auta, ya dushe ya zama ruwan toka. Malam ya danna inda aka ce a fara. Wani mutum ya bayyana a tsakiyar fili da jaka a baya, iska tana kaɗa ciyawa, ga wurin tsayuwar mutum na biyu a gefensa babu kowa.

Matar ta leƙo, ta daɗe tana kallo.

"To ka sa shi ya yi tafiya mana."

Malam ya dubi maɓallan da ke gabansa, duk haruffan da ya sani tun yana yaro.

"Bai gaya mini wanne ake dannawa ba."