Arzikin Goggo Asibi

A shekarar da aka yi wa ma'aikatan gwamnati ƙarin albashi, mutanen Unguwar Ɗanliti ba su ga ko kwabo ba, sai tsadar kaya ce ta iso musu har ƙofar gida. Unguwar ƙaramin ƙauye ce a bayan Mabai, manoman dawa da auduga, wasu na salla, wasu na zuwa coci, wasu kuma na nan kan al'adar kakanni. Duk wanda ya je kasuwar Ƙanƙara sai ya dawo yana zagin mai gishiri. Kananzir ya hau, sabulu ya hau, har allura ta hau.

Ana cikin haka mai unguwa Nata'ala ya dawo daga gidan dagaci ya tara jama'a a gindin tsamiya.

"Gwamnati ta ji kukanku," in ji shi. "Kuɗin mai sun yi mata yawa, za ta ba talakawa taimako. Amma ba kowa ba, sai gidan da ba shi da komi. Ran Alhamis ma'aikaci na tahe ya duba da idonshi."

Wani mutum da ake kira Ɗanasabe ya ɗaga hannu. "Baba mai unguwa, mai keke hwa?"

"Mai keke ai attajiri ne."

Ɗanasabe ya sauke hannunsa. Shi ne wanda audugarsa ta yi kyau bara, ya sayi keke da rediyo da gadon ƙarfe mai katifa, kuma babu wanda bai kaɗa wa ƙararrawar keken nan ba a unguwar. Yanzu ga shi kayan za su hana shi cin kuɗin gwamnati. Da la'asar ya ɗora katifa a ka, ya rataya rediyo a wuya, ya tura keke ya tsallaka rafi zuwa gidan Goggo Asibi.

Goggo Asibi tsohuwa ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta sun yi aure can wajen Sabuwa. Gidanta kaɗai ne a ƙetaren rafi, ɗaki ɗaya da danga rabi a tsaye rabi a kwance. Abin da ta mallaka tukunya ce da turmi da wata kaza da ta daina ƙwai. Ba ta je taron ba, babu kuma wanda ya tuna ya gaya mata.

"Goggo, ajiya na kawo miki, zuwa Juma'a."

"Ɓarayi aka ce?"

"To, kusan haka."

Ya miƙa mata goro ya koma ɗauko gado. Ya ja wa matarsa Kyauta kunne kada ta gaya wa kowa. Kyauta kuwa ba ta gaya wa kowa ba sai ƙawarta Tabita mai ɗinki, Tabita ta gaya wa mijinta, mijin kuma mutum ne mai yawan magana a rijiya. Kafin rana ta faɗi ran Laraba, rafin nan ya zama kamar hanyar kasuwa. Wannan na ɗauke da keken ɗinki, wancan da fantekoki, wata da tulin tasoshin aurenta. An kawo awaki da tumaki da kaji da jaki, da buhunan dawa, da agogunan bango. Shi kansa mai unguwa ya jira har ya ga kamar ido ya ragu, sannan ya koro shanun huɗarsa biyu, ya haɗa da kujerarsa mai hannuwa. A bakin danga ya yi kiciɓis da Ɗanasabe. Suka gaisa, kowa na kallon wani waje.

Goggo Asibi ta ga abin ya yi yawa, amma goro ya taru, kuma ta daɗe ba ta ga mutane da yawa haka a gidanta ba.

Ran Alhamis da safe unguwar ta koma abin tausayi. Kowa ya zaƙulo tsummansa. Ɗanasabe ya duba bai sami rigar da ta yage sosai ba, sai ya je gona ya tuɓe wa mutum-mutumin korar tsuntsaye tasa ya sa. Aka hana yara wanka, aka ce duk wanda ya yi dariya gaban baƙo zai sha bulala. Jama'a suka jeru a gindin tsamiya suna fuskantar hanyar Mabai, suna gwada tari.

Sai dai ma'aikacin, wani saurayi mai suna Malam Zailani, ba ta nan ya biyo ba. Daga wajen Faskari ya fito, ya yanke ta hanyar shanu, babur ɗinsa ya mutu a cikin yashi, ya turo shi yana gumi har gidan farko da ya gani.

Ya yi sallama ya leƙa, sai ya tsaya. Ga wata tsohuwa zaune a kujera mai hannuwa, rediyo na kiɗa a gefenta. An jera agoguna a jikin danga, kowane da lokacin da yake nunawa. Ga kekuna, ga buhuna har sun fi ɗakin tsawo, ga shanu na tuƙa, awaki sun hau gadon ƙarfe sun kwanta.

"Sannu da hutawa, Hajiya," in ji shi.

Goggo Asibi ko Funtuwa ba ta taɓa wucewa ba, amma sunan ya yi mata daɗi. Ta ɗebo masa ruwa a wata sabuwar tasa mai fure.

"Hajiya, duk wannan naki ne?"

"To, suna gidana dai, ɗana."

Wata mata da ta zo ɗibar ruwa ce ta hango babur ta ruga ta kai labari. Nan da nan sai ga unguwar gaba ɗaya ta tsallako rafi a guje, cikin tsummoki, Ɗanasabe a gaba. Da suka iso bakin danga suka tuna su marasa ƙarfi ne, sai suka rage sauri suka fara ɗingishi.

Malam Zailani ya dube su, ya dubi tsakar gidan. Ba shi da daɗewa a aiki, amma an gargaɗe shi cewa mutanen ƙauye na da dabara. Ya dafa keken Ɗanasabe.

"Wannan na wane ne?"

Aka shiga kallon juna. Ya dubi Ɗanasabe, wanda idonsa ke kan hannun da ya dafa sirdin.

"Naka ne?"

"Ni? Ranka ya daɗe, ko hawa ban iya ba. Tsoronshi ma nike ji."

"Keken ɗinkin fa?"

"Na Goggo ne," in ji Tabita, da zare a maƙale a gefen ɗankwalinta.

Daidai nan ɗaya daga cikin shanun ya tsinke igiya, ya nufi mai unguwa ya shiga lasar hannunsa yana neman dusa.

"Wanga sa haka yake da kowa," in ji mai unguwa, yana ture shi. San ya ƙi tafiya, ya tsaya a bayansa har aka gama.

Malam Zailani ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya rantse da abin da yake rantsuwa da shi cewa ko cokali ba shi da shi a nan. Daga nan ya zagaya gidajensu ya tarar da su wayam, ya ce a gaskiya bai taɓa ganin talauci irin wannan ba. Ya rubuta kowane gida, sannan ya dawo ya durƙusa gaban Goggo.

"Hajiya, kin san ke ba za ki shiga cikin masu karɓar taimakon ba."

"Wane taimako?"

Ya yi mata bayani. Goggo Asibi ta saurara har ƙarshe. Ta juya ta dubi Ɗanasabe, ta dubi mai unguwa, ta dubi sauran. Kowa ya sunkuyar da kai.

"Kuma Hajiya, ki yi haƙuri in faɗi magana," in ji Malam Zailani. "Bai kamata mutum na da wannan dukiya maƙwabtansa na yawo haka ba. Dubi bawan Allahn nan, rigarsa har da kashin tsuntsu. Ki riƙa taimaka musu."

"Gaskiya ka faɗa, ɗana."

Ta tashi ta zare famfon keken ta miƙa wa Ɗanasabe. "Ungo. Allah ya kawo maka keke." Ɗanasabe ya sa hannu biyu ya karɓa ya yi godiya. Sannan ta kama wani jan zakara mai ƙiba, na Kyauta, ta ɗaure masa ƙafa ta rataya a babur ɗin baƙo. Kyauta ta buɗe baki, mijinta ya taka mata ƙafa. Samari suka tura babur har ya tashi.

Ƙarar babur na ɓacewa jama'a suka yi ca za su shiga ɗibar kaya. Suka tarar Goggo ta ja kujera ta tare ƙofa, taɓarya a cinyarta.

"Ina zuwa?"

"Haba Goggo, kayanmu."

"Waɗanne? Ku da kunka rantse gaban gwamnati? Ni Hajiya ce, ba ni shiga tsakanin mutum da rantsuwarshi."

Aka yi dariya, aka ce wasa take. Juma'a ta zo ta wuce, Goggo na kan bakanta. Wani ya ce a kai ƙara gun alƙali. Mai unguwa ya ce in an je, wa zai fara bayanin yadda kayan suka tsallaka rafi? Maganar ta mutu a nan.

Ga damina ta kawo kai. Mai unguwa ya je ya roƙi aron shanunsa. Goggo ta ce ta yarda, amma su fara da gonarta, don ta ga ko sun iya aiki. Mai jaki ya karɓi jakinsa bayan ya yi mata jigilar ƙasa an yaɓe ɗaki. Tabita kullum da hantsi sai ta zo ta yi ɗinkinta a tsakar gidan, ta ɗinka wa Goggo riga a matsayin kuɗin haya. Ɗanasabe kuwa ba ya iya yini bai ji labarai ba, don haka shi ke sayo batir, ya zo ya zauna a ƙasa ya ce, "Goggo, a kama mana Kaduna." In ta ga dama ta kama, in ba ta ga dama ba ta ce rediyon na hutawa. Masu dawa su ne suka fi shan wuya, don a mudu take auna musu, tana yi musu faɗa kan almubazzaranci.

Awaki ne suka fara gundurar ta. Sun cinye mata rama, sun ci gefen sabuwar dangar da aka yi mata, ɗaya ta haihu a kan katifa. Ranar ta kore su duka ta ce kowace ta nemi gidansu. Daga nan kaya suka riƙa komawa da kaɗan-kaɗan, gwargwadon yadda mai su ya iya gaisuwa.

Taimakon bai fito ba sai bayan kaka. Aka ce a je Ƙanƙara a karɓa. Ɗanasabe ya riga ya sami kekensa, amma bai isa ya hau ba, don Malam Zailani ne ke rabon, sai ya taka da ƙafa cikin rigar mutum-mutumi. Kafin lokacin kaya sun ƙara tashi. Abin da ya samu ya sayi gishiri da kwalbar kananzir da sandar sabulu, ragowar ya ci tuwo a tasha don ƙafarsa ta ƙi ɗaukarsa. Da suka dawo, kunya ta sa kowane gida ya tsakura wa Goggo wani abu. Da aka tara, nata ya fi na kowa, har ta rasa inda za ta zuba gishiri.

Malam Zailani kuwa ya baza labarin attajirar ƙetaren rafi a ofis. Da aka tashi taron neman gudummawar ginin wata makaranta a gari, sai ga mota a-kori-kura an aiko takanas a ɗauki Hajiya Asibi. Mai unguwa ya ce kada ta je. Ta ce mota ta zo har ƙofarta ta koma wofi? Tabita ta ara mata zane, Kyauta ta ara mata takalmi, mai unguwa ya bi ta don ya ji abin da za ta faɗa.

Aka zaunar da ita a teburin manya tsakanin 'yan kwangila, aka kawo shinkafa da lemon kwalba. Alhazai na tashi suna faɗin abin da za su bayar ana tafi. Da aka zo kanta, mai gabatarwa ya kai mata lasifika bakinta. Mai unguwa, can baya, ya fara karanta duk addu'ar da ya sani, yana tunanin shanunsa.

"Jama'a, sannunku," in ji Goggo. "Ni dai ba ni da komi. Kaza ɗaya gare ni, ita ma ta daina ƙwai."

Wurin ya ɓarke da dariya da tafi. Wani Alhaji da ke kusa da ita ya share hawaye ya ce haka masu abin na gaske suke, ba su son a sani. Mai gabatarwa ya sanar cewa Hajiya za ta ba da tata gudummawar a asirce, aka sake tafi.

Da motar ta sauke su a bakin rafi, mata suka kewaye ta suna tambayar yadda taron manya yake. Goggo ta kwance gefen zanen Tabita, ta fito da shinkafar da ta ƙunso da ƙashin kaza biyu, ta ce su ɗanɗana.

"Ba laihi," in ji ta. "Amma masu kuɗi ba su san yaji ba. Kuma wanga ruwan kwalba, tun can nike gyatsa."