Kifin da Ya Tona Asirin Auta

Auta ta dawo daga asibiti ƙafafunta kamar ba nata ba. Ko rigar aikin jinya ba ta cire ba, ta zube a kan kafet, ta jingina da gado, ta buɗe wasan intanet da suke bugawa a rukuni a waya. Abu na farko da ta yi shi ne ɓoye kanta, yadda 'yan rukuninsu za su ga kamar ba ta kan layi.

Yau ce ranar da rukunin ke shiga kogon dodo, kuma ita ce mai warkar da waɗanda aka raunata. Abin haushi, ta wuni tana wanke ciwon mutane, ta dawo gida kuma a ce ta bi bayan ƙarti tana ɗura musu magani. Shi ya sa ta tura wa Yayanta saƙo cewa an riƙe ta a wurin aiki. Shi ya shigar da ita rukunin tun da aiki ya kai shi nesa, kuma in ba a wasan nan ba, sai su daɗe ba su ji muryar juna ba.

Ta tafi bakin wani tafki a cikin wasan, inda babu kowa, ta jefa ƙugiya. Hutu take nema, amma ina! Idonta na kan hirar rukunin da ke ta gudu a gefe.

Kyaftin, shugabansu, ya rubuta: "Doka dai doka ce. Wanda ya ƙi zuwa babu uzuri, cire shi za mu yi."

Yaya ya amsa: "Wallahi tana asibiti. Ƙanwata ba ta yi mini ƙarya."

Ta yi niyyar rufe wasan, sai igiyar ta motsa, yatsanta ya riga hankalinta. Ta fizgo kifin zinariya, wanda mutane ke shan wahalar nema ba su samu ba. Shi kuwa wasan, da yake babu mai tsegumi kamarsa, nan take ya yi shela ga rukunin gaba ɗaya, da sunanta ɓaro-ɓaro.

Can Kyaftin ya rubuta: "Sannu da aiki, likita. Ya jikin kifin?"

Wayar ta fara ruri a hannunta. Yaya ne. Sai da kiran ya kusa yankewa ta ɗaga.

"Yaya, don Allah ka..."

"Na rantse musu, Auta."

"Na gaji ne. Ina so in zauna ni kaɗai, ba wanda zai kira ni."

Bai ɗaga murya ba. Ta gwammace ya yi faɗa.

"Da kin faɗa mini, ai da ni ma ban shiga ba," in ji shi a hankali. "Ni fa wasan nan ya daɗe da isa ta. Don in ji muryarki nake zuwa."